Mai ciwon suga, kula da ƙafarka

Ciwon suga idan ya daɗe ba a shawo kansa ba yakan lalata jijiyoyin da ke sa ƙafa ta ji zafi, ya kuma rage jinin da ke isa gare ta. Sai mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Raunin ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ƙaramin ƙurji ya koma gyambo. Ta wannan hanya ce mutane da yawa ke rasa yatsa ko ƙafa, kuma abin takaici, sau da yawa da an duba da wuri da ba a kai ga haka ba.

Idan ƙafarka na zugi da dare, ko kana jin kamar ana tsira maka allura, ko ta yi dindiris kamar kana taka auduga, to jijiyoyin sun fara taɓuwa. Wanda kuma ba a taɓa gwada shi ba amma yana da ciwon da ya ƙi warkewa, ga yawan fitsari da ƙishirwa, ya je a auna jininsa. Idan bayan awa 8 ba ci aka samu 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, ko sama, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne.

Alwala dama ce babba. Tunda za ka wanke ƙafa, dubi tafin da tsakanin yatsu sosai, sannan ka goge su su bushe, domin danshin tsakanin yatsu ne ke jawo ruɓewar fata. Idan ido ya yi rauni ko sunkuyawa na wahala, sa madubi, ko ɗanka ya duba maka. Lokacin hunturu faso kan tsage diddige, sai a riƙa shafa mai, ban da tsakanin yatsu. Kada ka miƙa ƙafa ga kaskon wuta don jin ɗumi, ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa kana zaune kana hira. Ruwan wanka ma a gwada zafinsa da gwiwar hannu.

Tafiya ba takalmi ta ƙare, ko a tsakar gida. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. Ni dai ban yarda mai suga ya miƙa ƙafarsa ga masu yankan farce na yawo ba, ko ya bari a kankare masa kanta da reza. A yanke farce a miƙe, kada a shiga kusurwa.

In rauni ya fito, kada a zuba toka ko garin magani a ɗaure. Ja, kumburi, wari, ruwa, yatsa ya yi baƙi ko zazzaɓi, duk a ranar ake zuwa asibiti. A ci gaba da shan metformin ko allurar insulin yadda likita ya tsara, mai shan taba ya daina. Ranar ganin likita kuma, cire takalmi da safa ka ce a gwada maka jin ƙafa, aƙalla sau ɗaya a shekara.