Tanderun Tubali: Darasin Zafi a Tsakar Gida

A birnin Nafoli na ƙasar Italiya, mai gasa fiza yakan zura faifan kwaɓin fulawa da aka shafe da tumatir da cuku cikin tanderu, kafin minti ɗaya da rabi ya cika ya fito da shi a gashe. Zafin cikin tanderun yakan kai kimanin digiri 485 a ma'aunin Salshiyas, alhali murhun lantarki na gida da ƙyar yake wuce 250. Wannan sana'a ce hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci adanawa a shekarar 2017. Shi kuwa fasalin ginin daɗaɗɗe ne, domin an tono irinsa a kangon birnin Fomfeyi, wanda dutsen Besubiyus ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya.

Tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi ita ce: me ya sa irin wannan zafi ba ya mai da kwaɓin gawayi? Amsar tana cikin halin tubali. Tubali yana shan zafi mai yawa, amma a hankali yake sakin sa. Ƙarfe kuwa ya fi shi saurin miƙa zafi sau ashirin ko fiye. Da a kan farantin ƙarfe mai wannan zafi aka ɗora fiza, da ƙasanta ya ƙone ƙurmus tun samanta yana ɗanye. Haka tanderun yumɓu na masu gurasa a Kano yake aiki: jikin tukunyar ne ke gasawa bayan ya ƙoshi da wuta.

Ta hanya uku zafi ke isa ga abin da ake gasawa. Daɓe yana ratsa shi da zafi daga ƙasa, iska mai zafi tana zagaya shi, sannan ƙubba da harshen wuta suna aiko masa da huci daga sama, kamar yadda zafin rana ke isowa duniya. A wannan mataki na zafi, hucin ne ke da babban rabo wajen gasa saman.

Mai son gina irinsa a tsakar gida zai fara da dandamali mai ƙarfi, nesa da rufin ciyawa da rassan itace. Kafin a shimfiɗa daɓe, wajibi ne a sa abin da zai tare zafi, kamar yumɓun da aka cuɗa da ɓuntun shinkafa ko garin katako. Nan ne magina da yawa ke ganganci, saboda aiki ne da ido ba ya gani. Daga baya sai a yi ta cusa itace, dandamali yana shanye zafin. A kan wannan shimfiɗa ake jera tubalin da aka yi da yumɓu mai jure wuta, a matse shi ba tare da kwaɓi ba. Bulon siminti bai dace ba ko kaɗan, domin wuta tana farfasa shi.

Daga nan sai a tara jiƙaƙƙen yashi a kan daɓen, a siffanta shi kamar kifaffiyar ƙwarya mai faɗin kusan mita 1, a jera tubali a kansa da kwaɓin yumɓu. In ya kama, sai a kwashe yashin ta ƙofa, a lulluɓe bayan ƙubbar da wani kaurin abin tare zafi.

Tsayin ƙofa ba abin kintace ba ne. Magina sun daɗe da gane cewa kimanin kashi 63 cikin 100 na tsayin ƙubba ya fi dacewa. Wato ƙubba mai santimita 40 tana son ƙofa mai 25. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta shiga ta ƙasan ƙofar ta ciyar da wuta, ita kuwa mai zafi ta lashi ƙubba ta fita ta sama, inda bututun hayaƙi ke jiran ta a gaban ƙofar. In ƙofa ta yi tsawo zafi ya tsere, in ta gajarta wuta ta shaƙe.

Saura haƙuri. Sabon gini cike yake da ruwa, ruwa kuwa idan ya zama tururi girmansa yakan ninka kusan sau 1,700. Babbar wuta a ranar farko tana iya tsaga aikin makonni cikin sa'a guda. Don haka ake barin sa ya sha iska, sannan a riƙa hura 'yar ƙaramar wuta ana ƙara ta kullum har kusan mako guda. Busasshen itace kaɗai ake sawa, ban da katako mai fenti, saboda gubar hayaƙinsa.

Tanderun da kansa yake shaida cewa ya shirya. Da farko kunkunniya takan baƙanta ƙubbar, amma da zarar tubalin ya doshi digiri 400 sai ta ƙone, cikin ya washe fes. A lokacin ne ake ture garwashi gefe guda, a share daɓe, a zura kwaɓin farko.