MACE MAI TAGUMI A GINDIN DABINO

Karatu: Luka 19:41-44, Luka 21:20-24, Kolosiyawa 2:13-15

Ka zaro dala biyar daga aljihunka ka dube ta da kyau. Akwai lamba, akwai rubutu, akwai alamar banki mai kama da kifi. Ba ta ba ka labarin kowa. Kuɗin Romawa na dā ba haka suke ba. A zamaninsu ba rediyo, ba jarida, saboda haka tsabar kuɗi ita ce sanƙiran sarki, tana shiga kowace kasuwa da kowane gida. A fuska ɗaya akwai kan Kaisar da sunayensa. Shi ya sa, sa'ad da aka tambayi Ubangiji Yesu zancen haraji, ya ce a kawo masa dinari, ya tambaye su ko surar wane ne ke bisansa (Matiyu 22:19-21). A ɗaya fuskar kuwa, sarki yakan sa labarin da yake so talakawa su sani.

Maƙera ne suke bugawa da hannu, ɗaya-ɗaya. Sukan sassaƙa hoto a kan hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, su kafa ɗaya a uwar maƙera, su aza guntun azurfa ko tagulla, su ɗora na biyun a bisa, su kai masa masaba.

Ɗaya daga cikin labaran da sarakunan Roma suke son bugawa shi ne labarin wanda suka ci da yaƙi. Yuliyas Kaisar ya ci ƙasar Gol, inda Faransa take yau, ya sa aka buga dinari mai hoton mutanen Gol zaune a ƙasa, a gindin wani gungume da aka rataye wa garkuwoyinsu. Shugabansu Bersinjetoris, wanda watakila waɗanda suka yi lakwal sun ji sunansa, ya yi shekara shida a kurkuku kafin a zagaya Roma da shi a kashe shi, a shekara ta 46 kafin haihuwar Almasihu. Augustas, wanda aka haifi Yesu a zamaninsa, ya ci Masar, ya sa hoton kada da rubutu mai cewa an kama Masar.

Har yau akwai masu tara waɗannan kuɗi, a Turai da Amurka da sauran wurare. Manomi yakan tone tukunya cike da su yana huɗa. Waɗansu suna ajiye a gidajen kayan tarihi na Landan da Faris, waɗansu kuwa ana cinikinsu kamar kowace haja, da na gaske da na jabu. Cikin masu tarawa akwai waɗanda ba su neman kome sai masu hoton kamammu. Sukan jera su a akwati, su lura ko ɗaurarren a tsaye yake ko a durƙushe, ko igiyar hannunsa ta fito sosai. Ba mu ga laifi ga mai neman sanin tarihi ba. Amma ya kamata ya tuna, kowane ɗan hoton nan yana tsaye ne a madadin dubban mutane masu uwa da uba. Akwai guda ɗaya da masu bi suka fi nema, gama labarinta ya taɓa Littafi Mai Tsarki.

AN KAMA YAHUDIYA

A shekara ta 66 bayan haihuwar Almasihu Yahudawa suka yi wa Roma tawaye, bayan gwamna Filorus ya sa hannu a baitulmalin Haikali. Su ma suka buga nasu kuɗi. Na azurfa suna da hoton ƙoƙo da rumman uku, da rubutun Ibrananci mai kiran Urushalima tsattsarka. Na tagulla kuwa suna zancen 'yancin Sihiyona. Sarki Niro ya aiko da sarkin yaƙinsa Basfasiyan. A shekara ta 69 Basfasiyan ya zama Kaisar, ya bar yaƙin a hannun ɗansa Titus. (Kada a haɗa shi da Titus abokin aikin Bulus, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Titus ya kewaye Urushalima wajen Idin Ƙetarewa na shekara ta 70, lokacin da birnin ke cike da baƙi. Ya gina garu kewaye da ita domin kada kowa ya fita, yunwa ta yi ta kashe mutane. Bayan wajen wata huɗu aka ƙone Haikali, ba a daɗe ba sauran birnin ya faɗi.

Wani Bayahude mai suna Yosifus, wanda ya ga abin da idonsa daga sansanin Romawa, ya rubuta cewa kamammun yaƙin duka sun kai 97,000. Ya ce waɗanda ba su kai shekara 17 ba an sayar da su. Manya kuwa an tura waɗansu aikin wahala a Masar, waɗansu aka rarraba su garuruwa domin namomin jeji da takobi su kashe su a gaban 'yan kallo. Aka zaɓi samari 700, dogaye kyawawa, domin zagayen nasara a Roma a shekara ta 71. A ranar nan aka ɗauko fitilar zinariya mai rassa bakwai da teburin Haikali aka bi titi da su, a ƙarshe aka kashe shugaban tawayen, Siman ɗan Giyora. Ƙofar dutse da aka gina wa Titus tana nan a Roma, hoton fitilar yana jikinta. Da ganimar yaƙin aka gina babban filin wasan Roma wanda baƙi ke zuwa kallo. Harajin da kowane Bayahude yakan ba Haikalin Allah kuma, aka mai da shi na gidan gunkin Jufita, dinari biyu a shekara. Ka tuna dinari ɗaya ladan yini guda ne na ɗan ƙodago (Matiyu 20:2).

To, ga abin da Basfasiyan ya sa aka buga, da zinariya da azurfa da tagulla. A tsakiya itacen dabino, alamar ƙasar Yahudiya. A gindinsa mace zaune, ta lulluɓe kai, ta yi tagumi. A ɗaya gefen, wani lokaci namiji ne tsaye an ɗaure masa hannu ta baya, makamansa zube a ƙasa. Wani lokaci kuwa Baroma ne mai sulke, riƙe da mashi, ya taka kwalkwali da ƙafa. Kewaye da su an rubuta IVDAEA CAPTA, watau an kama Yahudiya.

Ka yi tunanin Bayahudiya da aka sayar baiwa a Roma. Uwargijiyarta ta aike ta kasuwa sayen mai, ta miƙa mata kuɗi. Ta buɗe hannu, sai ga hoton kanta.

WANDA YA YI KUKA TUN DA WURI

Shekara kusan 40 kafin wannan, Yesu yana gangarowa daga Dutsen Zaitun, jama'a suna ta murna. Da ya hangi birnin sai ya fashe da kuka. Ya faɗa cewa maƙiya za su yi mata ganuwa su matse ta ta kowane gefe, su rushe ta har dutse ba zai zauna bisa dutse ba. A Luka 21 ya ƙara da cewa za a kwashe mutanenta bayi zuwa cikin al'ummai. Maƙerin da ya sassaƙa hatimin nan bai san Yesu ba, Basfasiyan ma ba ruwansa da Bishara. Duk da haka ƙarfensu ya zama shaida cewa maganar Ubangiji ba ta faɗi ƙasa banza ba. Idan wani ya ce maka labarin Littafi tatsuniya ce, ka gaya masa akwai abin da hannu yake iya taɓawa.

Amma 'yan'uwa, ku lura da fuskar Yesu a wurin nan. Ya san shugabannin birnin za su bashe shi a kashe shi kafin mako ya zagayo. Da ɗayanmu ne, da sai ya ce, "Allah ya ƙara, za su gani." Shi kuwa hawaye ya zubar. Saboda haka mai bin da ya karanta labarin nan ya ji daɗi wai Yahudawa sun sami sakayya, bai fahimci Ubangijinsa ba tukuna. Yesu da uwarsa da manzanninsa duka Yahudawa ne, Bulus kuma ya gargaɗe mu a Romawa 11 kada reshen da aka ɗaura ya yi wa saiwa fahariya.

Wace kusurwa ta kuɗin nan Yesu ya tsaya? A Yahaya 18:12 sojoji sun kama shi sun ɗaure. Suka tuɓe shi, suka yi masa ba'a, suka bi titi da shi, suka rubuta laifinsa bisa kansa. Duk abin da Roma takan yi wa wanda ta ci, an yi masa. Amma Bulus, wanda shi ma ɗaurarren Roma ne, ya ɗauki wannan al'ada ta zagayen nasara ya juya ta. A Kolosiyawa 2 ya nuna cewa a kan gicciye Allah ya soke takardar bashin da ake binmu, ya ƙwace makaman ikokin duhu, ya kunyata su a bainar jama'a. Waɗanda aka ja da igiya a zagayen Yesu su ne Shaiɗan da zunubi da mutuwa. Ba ɗan Adam ko ɗaya a cikinsu. Mutane kuwa, ya zo ne ya kwance su, kamar yadda ya sanar a majami'ar Nazarat (Luka 4:18). Jinin da aka zubar a yaƙin nan nasa ne shi kaɗai.

Ya mai karatu, wannan ya shafe ka. Yesu ya koyar cewa duk mai aikata zunubi bawansa ne (Yahaya 8:34). Wani giya ta ɗaure shi, wani caca, wani tsoron iskoki da mayu har ba ya barci sai da laya a ƙarƙashin matashi. Ɗaurarre ba ya kwance kansa. Ka kira ga Yesu, ka faɗa masa sunan igiyar, ka ba da gaskiya gare shi.

GICCIYE A HANNU, GASHIN MUTUM A ƊAYA HANNUN

Akwai wani kuɗi kuma, wanda ya kamata ya ba mu kunya. Bayan sarki Kostantin ya karɓi addinin Kirista, sarakunan Roma suka zama masu amsa sunan Almasihu. Ka ce hoton kamammu zai ɓace daga kuɗinsu? Ko kusa. Balantiniyan, wanda ya hau a shekara ta 364, da ƙanensa Balens, sun buga ƙananan kuɗin tagulla masu ɗimbin yawa, har yau suna cikin mafi arahar tsofaffin kuɗin Roma. A kansu ga sarki riƙe da tuta mai haruffa biyu na farkon sunan Almasihu da Helenanci, da ɗaya hannun kuwa yana jan wani kamamme ta gashin kai. Rubutun yana cewa wannan ita ce ɗaukakar Romawa. Balens ya mutu a hannun Gotawa a shekara ta 378, a shekara ta 410 kuma Gotawa suka shiga Roma kanta suka kwashi ganima da bayi.

Abin da sarakunan nan suka yi da tagulla, mukan yi shi da baki. Ka yi shari'ar iyakar gona da maƙwabcinka, sarki ya ba ka gaskiya. Madalla. Amma sai ka yi ta ba da labarin a kasuwa da bakin rijiya, matarka ta mai da shi habaici wajen daka, yaranka su riƙa yi wa yaransa gori. Shekara goma ta wuce, mutumin yana nan zaune a gindin dabinonka. Ran Lahadi kuwa kana gaba-gaba a sujada. Karin Magana 24:17 ta hana mu yin murna sa'ad da maƙiyinmu ya faɗi. Karɓar hakkinka ba laifi ba ne. Idan ka karɓa, ka je ka gai da shi tun kafin shi ya zo, in amaryar ɗansa ta tare ka kai gudummawa.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ciwo. Kakanninmu ma sun yi yaƙe-yaƙe, tsakanin Maradi da Katsina, tsakanin Damagaram da Kano, an kama mutane an sayar. Ƙasarmu ta yi dokar hukunta mai bautar da mutum a shekara ta 2003. Amma sunan bai mutu ba. Saurayi mai bi, mai ƙwazo, ya zo neman aure, sai tsofaffi su koma ɗaki su yi raɗa, su ce, "Ai asalinsu bayi ne." Ko a zo zaɓen dattijon ikilisiya, a tsallake mutumin kirki saboda abin da ya sami kakansa a wata rana ta yaƙi. Ba shi ya yi yaƙin ba, kai ma ba kai ka ci ba. Galatiyawa 3:28 ta shaida cewa a cikin Almasihu an kawar da bambancin ɗa da bawa. Wanda ya riƙe wannan suna a kan ɗan'uwansa yana ci gaba da kashe kuɗin Basfasiyan a cikin gidan Allah.

A daren nan, bayan tuwo, mai gida ya tara iyali a karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Aya 25 ce kaɗai, yaro ɗan lakwal zai iya karanta ta. Bulus ya rubuta ta yana ɗaure, a kan wani bawa mai suna Unisimas wanda ya bar gidan ubangidansa. A lura da sunan da Bulus ya ce Filimon ya kira shi da shi a aya ta 16, da wanda ya ɗauki nauyin biyan bashinsa a aya ta 18. Sa'an nan mai gida ya tambayi matarsa da 'ya'yansa, su faɗa masa ba tsoro, ko akwai gidan da ake ambata a gidan nan da sunan raini. In akwai, a yi addu'a dominsu da sunansu na gaskiya, a kuma shirya wanda zai je gaishe su da safe.