Henry Ford da Ranar Dala Biyar

A ƙasar Amurka akwai wani babban birni da a ke kira Detroit. A can ne wani ɗan manomi mai suna Henry Ford ya kafa kamfaninsa na ƙera motoci a shekarar 1903. A wannan zamani mota abar attajirai ce, talaka sai dai kallo. Shi kuwa Ford ya ƙudura a ransa sai ya ƙera wadda manomi zai iya saye. A 1908 ya fito da wata mota, ya sa mata suna Model T.

Da fari, in za a harhaɗa mota, sai a ajiye ta wuri guda, ma'aikata su yi ta kai da kawowa da kayan aiki. A 1913 Ford da mutanensa suka sake dabara. Suka sa sarƙa tana jan motar a hankali, ma'aikata na tsaye a jere, kowa da nasa aiki guda ɗaya tak. Wannan ya ɗaura ƙafa, wancan ya murɗa kusa, motar ta wuce gaba. Aikin da a da ya kan ci fiye da awa 12, sai ga shi ana gama shi cikin minti 93.

Amma fa ku tuna, mutum ba inji ba ne. Ku duba a ce tun safe har yamma yaro ba ya rubuta kome sai harafi guda, kuma ba shi da damar ɗaga kai. Haka aikin nan ya zama wa ma'aikata. Sai suka riƙa gudu. A 1913 sai da kamfanin ya ɗauki mutum wajen 52,000 domin ya riƙe ma'aikata kamar 14,000, kuma kowane sabo sai an koya masa aiki tukuna.

Ran 5 ga Janairu, 1914, aka kira 'yan jarida, aka shaida musu za a riƙa biyan ma'aikaci dala 5 a yini, maimakon dala 2 da santi 34. Za a kuma rage aikin daga awa 9 zuwa awa 8. Jaridu suka buga labarin da manyan baƙaƙe. Da yawa suka yabi Ford, suka ce ba a taɓa ganin mai kyauta irinsa ba. Wata kuwa, Wall Street Journal, wadda manyan 'yan kasuwa ke karantawa, ta zarge shi da kawo wa'azi cikin harkar ciniki.

Abin da masu karatu da yawa ba su lura da shi ba, shi ne kuɗin nan da sharaɗi. Kusan rabinsa rabon riba ne, kuma ba a ba mutum sai ya yi wata 6 yana aiki. Har gida a ke aika masu bincike su ga ko yana shan giya, ko gidansa da tsabta, ko yana tanadi. Mata kuwa, yawancinsu ba a sa su ciki ba da farko.

Talakawa dai sun ji dala biyar, ba su ji sharaɗi ba. Kashegari mutum wajen 10,000 suka cika ƙofar ma'aikatar, waɗansu daga garuruwa masu nisa. Lokacin tsananin sanyi ne, ga dusar ƙanƙara, ga shi babu aikin da zai ishe su. Bayan 'yan kwanaki taron ya hargitse, aka feshe su da ruwan tiyo, tufafinsu suka daskare a jikinsu.

Gudun ma'aikata kuwa ya ragu ƙwarai, motar ta yi ta araha. Kafin a daina ƙera Model T a 1927, an yi fiye da miliyan 15.