Ido mai rubutu

A ƙasar Amurka akwai wani mutum mai suna Steve Gleason. Da can ɗan wasan ƙwallo ne ƙaƙƙarfa. A shekara ta 2011 likitoci suka gano ya kamu da cuta mai kashe jijiyoyin motsi. Sannu a hankali ƙafafunsa da hannuwansa suka shanye, muryarsa ta ɗauke. Amma hankalinsa garau, idanunsa kuma suna motsi. Da idanun nan ya ci gaba da rubutu, yana magana da iyalinsa.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin allon kwamfuta ana liƙa wata ƴar na'ura mai kyamara da ƙananan fitilu. Fitilun suna haska ido da wani haske wanda mutum ba ya gani. Hasken yana barin ɗigo mai ƙyalli a kan ido. In ido ya juya, baƙinsa yana matsawa, ɗigon kuwa kusan yana nan wurinsa. Kyamara tana ɗaukar hoto sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kwamfuta sai ta auna tazarar da ke tsakaninsu, ta san inda ake kallo.

Idon kowa daban ne. Saboda haka, kafin a fara aiki, mutum yana bin wasu ɗige-ɗige da kallo, har na'ura ta saba da idonsa.

Ido ba ya zama wuri ɗaya. Tun wajen shekara ta 1879 wani likitan ido na Faransa, Emile Javal, ya bayyana cewa ido tsalle-tsalle yake yi a kan layi lokacin karatu. Don haka na'ura ba ta rubuta kowane harafin da ido ya gifta. Sai mutum ya tsaida kallo a kansa na ɗan lokaci. Haruffa su zama kalma, kalmomi su zama jimla, kwamfuta ta faɗe ta da murya.

Aikin yana da wuya. Ido yana gajiya, rana mai ƙarfi tana rikita kyamara, kuma rubutun ba shi da sauri. Amma ga wanda ya rasa hannu da murya, wannan babbar gata ce.

Tambayoyi
1. Me cutar ta bar wa Steve Gleason?
2. Yaya kwamfuta take sanin inda ake kallo?
3. Don me sai an tsaida kallo a kan harafi?

Aiki
Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya yi karatu, ɗaya ya lura da idanunsa. Me kuka gani?