Jifan Mashi: Darasi Daga Julius Yego

Babu wanda bai san mashi ba a ƙasar nan. Da shi kakanninmu suka yi yaƙi da farauta, har wa yau kuma akan ga barade riƙe da masu ran hawan Salla. Amma akwai wani mashi na wasa, wanda ake gasar nisan jifa da shi. Na maza nauyinsa giram 800, tsawonsa mita 2.6 zuwa 2.7, na mata kuwa giram 600. Mai jifa yakan sheƙo a guje, ya wurga shi ta bisa kafaɗa. In ya taka layi, ko kuwa ba tsinin ne ya fara taɓa ƙasa ba, jifan ya ɓaci.

To, ga labarin wani gwanin wannan wasa, don mu masu shirin zama malamai mu ɗauki darasi.

An haifi Julius Yego a 1989 a ƙasar Nandi, cikin Kenya. Tun yana yaro yakan yi ta jifa da sanduna a wurin kiwon shanu. Mutanen Kenya kuwa da gudu aka san su, saboda haka da ya girma ya rasa gwanin da zai koya masa. Bai karai ba. Sai ya riƙa zuwa shagon intanet yana kallon manyan gwanaye a YouTube, kamar su Jan Zelezny, wanda ya jefa mita 98.48 a 1996. Ya duba yadda suke riƙon mashi, da yadda suke jera sawu, sa'an nan ya tafi fili ya gwada.

Mai nema yana tare da samu. A 2011 ya ci lambar zinariya a wasannin Afirka a Maputo, da mita 78.34. Daga nan aka ba shi zarafin zuwa Finlan, ƙasar da ta shahara da jifan mashi, inda wani malami, Petteri Piironen, ya gyara masa kurakuransa. Ku dubi amfanin malami. A 2012 ya kai zagayen ƙarshe a wasannin Olimfik a London. A 2014 ya zo na ɗaya a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow. A 2015, a Beijing ta ƙasar Sin, ya jefa mita 92.72, ya zama zakaran duniya, watau cikin shekara huɗu ya ƙara fiye da mita 14. A Olimfik na 2016 a Birazil ya ji ciwo ana cikin gasa, aka fitar da shi daga fili, duk da haka jifansa na fari, mita 88.24, ya ba shi lambar azurfa.

Mu ma nan Nijeriya ba a bar mu a baya ba, gama Chinecherem Nnamdi ya ci zinariya a wasannin Afirka a Accra a 2024.

Abin lura shi ne, ba ƙarfin dantse kaɗai ke kai mashi nesa ba. Saurin gudu ne ke bi ta ƙafa da kwankwaso har ya fita ta hannu, wannan kuwa sai an koya. Naci ya kai Yego wani matsayi, amma sai da ya sami malami ya kai ƙoli.

In an tura ka koyarwa, ko nan Majidaɗi ko wani ƙauye na ƙasar Muri, za ka tarar da yaron da ya fi kowa nisan jifa. Kada ka tsaya ga tsawata masa don ya jefi mangwaro. Yanko gora ko kara miƙaƙƙe, ka ja layi a fili, ka auna jifansa, ka rubuta, don ya ga ƙaruwarsa mako mako. Amma fa a kiyaye: kada kowa ya tsaya gaban mai jifa, kada kuma a tafi ɗauko masu sai kowa ya gama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa biyu ke ɓata jifa?
2. Mita nawa Yego ya ƙara tsakanin 2011 da 2015?
3. Yaya za ka tsara yara talatin su yi jifa ba wanda ya ji rauni?