Gizo-gizo mai rufe ƙofar gidansa

Kowane yaro a Hawandawaki ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi a cikin tatsuniya. Kowace mace kuma ta san yanar da take sharewa a kusurwar ɗaki. Amma akwai wani gizo-gizo da ba ya saƙa a sama. Shi a cikin ƙasa yake zaune.

Ƙafafunsa 8 ne, kamar ƴar'uwarsa kunama. Yana haƙa rami, ya shafe bangon da zarensa don kada ƙasa ta rufta. Sannan ya haɗa ƙasa da zare, ya yi ƙofa daidai bakin ramin. Gefe guda yana manne, sai ta buɗe ta rufe kamar ƙyauren ɗaki. In ta rufe, mutum zai taka wurin bai gane ba.

Da dare sai ya laɓe bayan ƙofa. Idanunsa ba su da ƙarfi, motsin ƙasa yake ji. Gyare ko ɗan fara ya gitta, sai ya yi wuf ya cafke shi, ya ja ƙofa.

Danginsa suna ƙasashe masu zafi, har da Afirka. Namiji yakan fita neman mace, amma macen ba ta ƙaura. Shi ya sa wasu irinsu suke kan tsibiri guda kawai a tsakiyar teku. A ƙasar Ostareliya, wata malama mai suna Barbara York Main ta fara lura da wata macen a 1974. Sai a 2016 ta mutu, bayan wani irin zanzaro ya huda ƙofarta. Ta haura shekara 40 a rami guda!

Abin da ya shafi manomi shi ne, gizo-gizo kowane iri ƙwari yake ci, ba ya taɓa gero ko wake. Mai ƙona gona lokacin shara, da mai fesa magani barkatai, suna kashe masu yi musu gadi kyauta.

Sai dai a gargaɗi yara, kada su tura hannu a rami. Cizon wannan gizo-gizon ciwo ne kawai, amma kunama da kububuwa su ma rami suke shiga. Wanda maciji ya sara, a kai shi gidan likita nan take, kada a tsaga wurin.