Yadda ake auna zafin teku daga sama domin damanar Bazaga

Daga Bazaga, a ƙasar Ƙonni, zuwa bakin teku tafiya ce mai nisa, amma yawancin ruwan da ke jiƙa gonakin hatsinmu daga tekun Atilantika iskar damana ke ɗauko shi. Shi ya sa masu hasashen damana ke fara aikinsu da auna zafin teku.

Ma'aunin yana can sama. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Meteosat yana tsaye a nisan kimanin kilomita 36,000 bisa mashigin tekun Gini, yana ɗaukar hoto duk bayan minti 10 zuwa 15. Kamar yadda mace ke jin hucin tukunya tun hannunta bai kai gare ta ba, haka na'urarsa ke karɓar hucin da fuskar teku ke fitarwa, daga wani ɓawon ruwa da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

Daga nan sai tankaɗe, kuma a nan wahalar take. Duk inda gajimare ya rufe, sanyin gajimaren na'urar ta auna, sai kwamfuta ta zubar da wannan gurbin. Tururin da ke cikin iska shi ma yana shanye wani abu daga hucin. Don haka ake auna wuri guda ta kafa biyu, bambancin da ke tsakaninsu ya nuna abin da za a mayar. Sai ƙura. Hazon nan da ke toshe mana rana lokacin hunturu, irinsa ne ke ƙetarawa yamma ya lulluɓe tsibiran Kap-Bar, ya sa teku ta yi kamar ta fi sanyi. Abin yana taɓa ni ƙwarai, a ce ƙurar yankinmu ce ke shiga idon na'urar da ke duba mana ruwa.

Gefen tsibiri ya fi ko'ina wuyar karantawa. Dutsen Fogo na Kap-Bar, mai tsawon mita 2,829, yana tare iska, ruwan da ke bayansa ya kwanta, rana ta ɗumama shi fiye da na kewaye. Akwai na'urori masu ratsa gajimare, irin wadda Japan ta harba a 2012, sai dai kusa da gaɓa hucin ƙasa yana gauraya musu lissafi.

Kafin a yarda da alƙaluman, sai an gwada su da ma'aunan da ke cikin ruwan kansa, kamar na shirin PIRATA, wanda Birazil da Faransa da Amurka suka girka a Atilantika tun 1997. Sannan a ɗora su kan matsakaicin shekara 30, daga 1991 zuwa 2020, a ga inda zafi ya ƙaru da inda ya ragu. Rabin digiri ma magana ce. Idan arewacin Atilantika ya fi kudancinsa ɗumi, hadari kan hauro arewa har ya iske mu. Idan mashigin Gini ne ya ɗumama, ruwa kan noƙe a ƙasashen gaɓa. Ɗumamar tekun Fasifik da ake kira El Nino ita ma takan rage mana rabo.

Wajen ƙarshen Afrilu, cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai sukan tara masana yanayin ƙasashen yankin, su fitar da hasashe: damana mai yawa, matsakaiciya ko ƙarama, kowace da kasonta cikin ɗari, da lokacin saukarta. Hasashen na yanki ne mai faɗi, don haka gona biyu tsakanin Bazaga da Illela suna iya shan bamban. Da shi ma'aikatan gona ke ba da shawara a rediyo, ko a nemi iri mai saurin nuna, ko a dakata da binne.